Kwalba Uku da Ƙanshin Kafur

Wannan na'urar da kuke taƙama da ita, wadda kuke ɗiga mata jini ta yi ƙara ta tofo muku takarda, ban raina ta ba. Da na same ta a zamanina da na gina mata ɗakinta daban. Amma jiya na tambayi ɗayanku, wancan mai gilashin da ke sunkuyar da kai yanzu, me ake nufi da G6PD ɗin da ya rubuta a takardar wani jariri, sai ya ce da ni, "Baba Iliya, ai na'ura ce ta ce babu." Na'ura ce ta ce! To madalla. Ku jawo benci ku zauna, in gaya muku yadda ake gane babun nan lokacin da ba mu da komai sai ido da taga da fitilar kananzir.

Aikin farko da aka ba ni a ɗakin gwaji wankin kwalabe ne. Wani ƙaramin asibitin mishan ne a yankin Malumfashi, likita ɗaya, ungozoma ɗaya, ɗakin gwajin kuwa can bayan rijiya aka gina shi don kada wari ya dami marasa lafiya. Na zo ina saurayi, shekarar da sabon kuɗi ya shigo mutane suna ta rikita sule da kwabo. Maigidana a aikin Malam Habila ne, dattijo ne marar yawan magana, in ya yi tsaki sau ɗaya ka san ka yi ɓarna. Ka wanke kwalba da sabulu, ka ɗauraye sau bakwai, na ƙarshen da ruwan sama da muke tarawa a duro, sannan ka ɗaga ta wajen haske. In ɗigon ruwa ya maƙale a jikinta ba ta wanku ba, koma. Shekara guda cur ban taɓa madubin duba ƙwayoyin jini ba. Da na yi ƙorafi ya ce, "Sabulu kaɗan ya rage a ciki, jinin mutum ya fashe, ka rubuta masa ciwon da Allah bai ɗora masa ba. Wanke." Daga baya ya koya min zuƙar jini da baki ta siririn bututu, har zuwa daidai layi. Sau ɗaya na zarce, na haɗiye na wani mahauci. Malam Habila bai ko ɗago kai ba, ya ce in kurkure baki in sake.

Shekara huɗu muka yi tare, idonsa ya fara hazo, ya koma garinsu. Ya bar min kujerarsa da mabuɗi. An ce za a turo wani, har na bar wurin ba a turo ba.

Masu zuwa wurina ba don suna so suke zuwa ba. Mutum zai kawo maka bayan gidansa a kwalin ashana, ya ajiye a bakin ƙofa, ya kau da kai kamar kai ka yi. Mata suna rufe hannu da mayafi sai ungozoma ta zo ta lallashe su. A ƙauyuka an baza cewa jinin da nake ɗiba Turawa ake sayar wa, wasu kuma suka ce ni nake sha, shi ya sa ban yi aure ba. Mai shayin bakin hanya ya ware min kofina, wani mai tsagaggen baki, yana rataye shi a ƙusa daban. Mutumin kirki ne, bai taɓa yi min wulaƙanci ba, kofin ne dai. Da farko abin ya yi min ciwo ƙwarai, daga baya na saba. Ɗakin kwanana manne yake da ɗakin gwaji, in na rufe wannan ƙofa in buɗe waccan, in dafa shinkafata in ci. Ran Lahadi ina zama a bencin baya na majami'a, ana cewa amin na fita.

Likitan ne ya zo min da gwajin kwalba uku, ya zana min bayaninsa a bayan wani tsohon kati. Ku saurara da kyau, don a makaranta turanci ya rufe muku abin. A cikin kowace jar ƙwayar jini akwai ƙarfe, ƙarfe na gaske, shi ke ɗaukar iskar da muka shaƙa ya kai ta ko'ina a jiki. Akwai kuma wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ake kira ilaktaron, su ke ɗaure komai da komai, kuma bibbiyu suke son zama. In wani abu ya rasa ɗaya, ya rage da guda tilo, shi ne wanda littattafanku ke ce wa firi-radikal. Ni tuzuru nake ce masa, kuma kada wanda ya yi dariya, na fi ku sanin halin tuzuru. Ba ya zama lafiya. Zai fizge na maƙwabcinsa, maƙwabcin ya fizge na gaba, abin ya yi ta ci kamar wuta a tulin auduga. In fizgen ya kai kan ƙarfen jini sai ya yi tsatsa, jini ya koma ruwan ƙasa ya kasa ɗaukar iska, bangon ƙwayar ya yi rauni ta fashe. To Allah da ikonsa ya sa wa ƙwayar jini wani sinadari da ke ciro ilaktaron daga sukari, ana miƙa shi hannu zuwa hannu har ya isa ga wanda aka ƙwace wa nasa, wutar ta mutu. Wannan sinadarin shi ne G6PD. Wasu an haife su da shi kaɗan. Ɗa namiji ta wajen uwa yake gado, kuma maza abin ya fi kamawa. Mutum zai iya tsufa bai sani ba, yana nomansa yana cin tuwonsa, sai ranar da ya haɗu da abin da ke kunna wutar.

Ga yadda ake yi. Kwalbar farko jinin lafiyayye ne, ba a sa masa komai. Ta biyu jini ne da ka zuba wa gishirin naitirait, wanda ke sa ƙarfen ya yi tsatsa da gangan. Ta uku jinin wanda ake gwadawa, shi ma ka sa masa gishirin, amma ka ƙara sukari da ɗigon wani shuɗin ruwa da muke ce wa shuni. Shunin nan ɗan aike ne, shi ke karɓo ilaktaron ya kai wa ƙarfen. Sai ka tsoma duka ukun a ruwa mai ɗumin jikin mutum, awa uku. In mutum yana da sinadarin, jininsa zai wanke tsatsar ya dawo ja kamar kwalbar farko. In babu, yana nan ruwan ƙasa kamar ta biyu. Da faɗi ba wuya. Ruwan ɗumin nawa garwa ce da aka yanke rabi, fitilar ƙwai a ƙarƙashi, ma'aunin zafi a rataye da zare. Awa ukun nan ba ka tashi. Ka ɗaga lagwani kaɗan, ka sauke kaɗan, iska ta shigo ka tare da kwali. Kuma dole ka gama kafin la'asar, don launin ba ya karantuwa sai da hasken rana a tagar arewa. Jinin kwalbar farko kuwa nawa ne, kullum. Wa zai ba ni nasa a banza? Ku dubi gwiwar hannun nan, duk tabon da kuke gani ni na yi wa kaina.

Shekarar da ta fi min muni ba shekarar fari ba ce. Shekarar da auduga ta yi albarka ce, wajen ƙarshen shekarun saba'in. Manyan motoci suna ta jigila zuwa gidan gurza a Funtua, audugar da ke zuba a hanya ma ta isa a yi katifa. Maza suka sayi keke da rediyo. Mata suka sayi akwatin ƙarfe mai fenti, suka cika da atamfa da shawul na ulu. Akwati kuwa ba ya cika akwati sai da kafur, fararen ƙwallayen nan da 'yan koli ke sayarwa don korar asu da kyankyaso. A lokacin mace mai tsabta ita ce wadda in ta gifta ka ji ƙanshin akwati. Mai ciki tun wata biyar take jera kayan jariri a ciki, ta watsa kafur tsakanin kowane ninki, ta rufe sai ranar haihuwa.

Sai aka fara kawo min jarirai masu shawara. Ɗan kwana biyar, ɗan kwana shida, yawanci maza. Kun san al'ada, jariri ba ya fita sai ranar suna, yana ɗaki da maijego, ga wuta ga labule, ba mai ganin launin fatarsa. Kafin a lura idonsa ya zama rawaya, ya ƙi nono, yana banƙarewa yana wani siririn kuka da ba na fata ku taɓa ji. In ya kai nan, abin ya hau ƙwaƙwalwa. Ni aikina in tsaga dundunniya in ɗebi jini in auna in rubuta. Na rubuta da yawa a shekarar nan, ba zan gaya muku nawa ba. Abin da na lura da shi ba a madubi na gan shi ba. In sun tafi na rufe ƙofa, sai in ji ɗakin yana ƙanshin kafur, har ya danne warin maganin da nake goge tebur da shi. Sau uku, sau huɗu, sau biyar. Na yi kwanaki ina jin kunyar faɗa, kada a ce mai wankin kwalba ya fara likitanci. Ranar da na faɗa, likita ya jawo wani ƙaton littafi ya duba, sannan ya bugi tebur. Kafur ɗin kasuwa naftalin ne, wani abu mai guba, yana shiga ta numfashi, yana shiga ta fata, balle fatar da aka shafe da mai. A jikin jaririn da ba shi da sinadarin nan, shi ne ashanar.

Muka yi shela a majami'a, muka aika wa masu unguwa da limamai. Wasu sun ji. Wata kuwa a bakin rijiya ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, kai da kake wuni da kashin mutane, kai ne za ka koya mana tsabta?" Mata suka kwashe da dariya. Na ɗebi ruwana na koma.

Saratu ita ce mutum ta farko da ta shigo ɗakin nan ba takardar likita a hannunta. Matar wani manomi ce, Ayuba, daga Gozaki. Na gane ta, don ɗanta na biyu a kan teburina ya cika a waccan shekara, na farin ma haka ya tafi kafin suna. A ƙauye an yanke hukunci cewa nononta ne ba kyau, har an tatsa a ludayi an jefa tururuwa an ce ta mutu. Ga ta da ciki na uku, ya fito sosai. Ta zauna a kan bencin da ba wanda ke yarda ya zauna.

Ta ce, "Malam, an ce kai ka ce ba nonona ba ne."

Na ce, "Ban ce ba tukuna. Kawo hannunki."

Awa ukun nan a ciki ta yi su, tana kallon fitila tare da ni. Da na ɗaga kwalaben a taga na kira ta ta gani da idonta. Nata bai yi ja kamar ta farko ba, bai yi ruwan ƙasa kamar ta biyu ba, yana tsakani. Haka na mata masu ɗauke da abin yake fitowa. Na yi mata bayani iya yadda zan iya, na ce nononta lafiya lau, ɗanta ne in namiji ne zai iya zuwa da jinin da ba ya jure kafur. Ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka mai isarta. Da ta share ido ta ce, "To wannan fa? Zai zauna?" Na ce in an bi abin da na faɗa, da yardar Allah zai zauna. Ban taɓa yi wa kowa alkawari a aikin nan ba sai ranar.

Ran Asabar na hau keke na tafi Gozaki. Ayuba ya tarbe ni da mutunci, ya shigar da ni har ɗakin matarsa, abin da ba a saba ba. Na bi ɗakin da hanci, lungu lungu. Akwatin Saratu muka fitar, da katifar da ke jingine da shi. Rigimar tana wajen uwar Ayuba, tsohuwa ce mai kaifin baki, kowa Iya yake ce mata. Tana da shawul fari da ta saya da kuɗin audugar gayaunarta, da shi aka naɗe jikokin nan biyu, shi kuma take tanadi don na uku.

Ta ce, "Sai in wanke."

Na ce, "Iya, wanki ba ya fitar da shi. Ya shiga cikin zaren."

Ta ce, "Ikon Allah! Tuzuru ne yau zai koya min reno? Ɗan nan, ka taɓa riƙe jariri in ba don ka tsaga masa ƙafa ba?"

Na ce ban taɓa ba. Ta daɗe tana shafa shawul ɗin a cinyarta. Can ta miƙa wa ɗanta ta ce, "Na binne biyu. Ku fitar da shi, da akwatin duka, ku kai gidan ƙaninka." Na bar musu farin yadi sabo da na yanko a Funtua, na wanke na shanya da kaina, na ce da shi kaɗai za a naɗe yaro. Na kuma ce kowace safiya a fito da shi bakin ƙofa, a danna kan hancinsa da yatsa a saki, a duba ko wurin ya yi rawaya.

A asibiti ta haihu, kamar yadda muka yi da ita. Namiji. Na ɗebi jinin cibiya na sa a garwa, ya fito ruwan ƙasa sak. Kwana uku suka koma gida don wankan jego. Na je ran kwana biyar, na je ran kwana shida, Iya da kanta ta fito da shi haske tana hararata, ta danna hancin ta ce, "Ga shi nan, duba da kyau, kada ka ce an ɓoye maka." Fes yake, yana tsotson hannu. Na ji wani daɗi da ban san inda zan ajiye shi ba. Da zan hau keke Ayuba ya biyo ni da goro a hannu ya ce, "Malam, gobe suna. Fasto zai yi addu'a da hantsi, mata kuma da yamma. Ka zo da wuri, don Allah." Na ce to.

Ban je ba. Na wanke riga, har guga na yi mata. Da gari ya waye na tsaya ina tunanin lokacin da za a kawo abinci, maza su zauna biyar biyar a kwano ɗaya, a rasa wanda zai sa hannu tare da ni, Ayuba ya ji kunya ya kawo min nawa daban. Na ce gara in rage masa wannan nauyin. Sai na kunna fitila na tsoma wasu kwalabe da ko Litinin aka yi su ba abin da zai faru, na zauna gadinsu. Ƙarya na yi wa kaina, kuma na san ƙarya ce tun a lokacin.

Bayan kwana uku, da hantsi, na ji babur ya tsaya a bakin rijiya. Ayuba da Saratu ne. Kafin su iso ƙofa hancina ya gaya min. Yaron yana naɗe a cikin farin yadina, amma a ƙarƙashi yana sanye da wata 'yar riga mai ado da hula da safa na ulu, kafur kamar a ciki aka dafa su. Idonsa rawaya, ya ƙi nono tun jiya. Na yi ihu, ni da ba a taɓa jin muryata a asibitin nan ba. Na ce wa ya sa masa wannan? Ba na ce ba? Ba na faɗa ba?

Saratu ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, ka ce a fitar da akwatina da na Iya, mun fitar. Ba ka ce komai a kan na mutane ba."

Ungozoma ce ta fayyace min, tana tuɓe wa yaron kaya da sauri. Ranar suna kowace mace zanen da ta fi ji da shi take ɗaurawa, wanda ke ƙasan akwati, ba ya fita sai biki. Matan majami'a da dangi da maƙwabta sun cika ɗakin, an saki labule. An yi wa yaro wanka an shafe shi da mai. Kowace sai ta karɓe shi ta rungume, mai neman haihuwa ma har goya shi take yi a zanenta. Wadda ta kawo riga kuma dole a sa masa a gabanta, in ba haka ba an raina kyautarta, kuma a bar shi da ita kwana biyu a ga an yi murna. Ungozoma ta ce, "Ai kowace mace ta san wannan, Malam Iliya. Da ka tambaya." Ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. Ni na san ilaktaron, na san inda yake fita da inda yake shiga, amma ban san abin da ke faruwa a ɗakin maijego ranar suna ba, don ban taɓa zuwa sunan kowa ba. Da na je, daga ƙofar gida hancina zai tsayar da ni.

Likita ya duba ya ce ba sauran dabara sai a canja jinin yaron, a zare nasa kaɗan kaɗan ta cibiya ana mayar da wani. Ana buƙatar jini sabo, wanda ya dace da nasa, kuma mai sinadarin. Ayuba ya miƙa hannu, nasa bai dace ba. Ya ce zai koma ya kwaso maza daga Gozaki. Zuwa da dawowa, ga kuma awa uku a garwa, yaron ba shi da wannan lokacin. Jini ɗaya ne a duk ƙasar nan da na san halinsa ba sai na gwada ba. Kada ku ce jarumta ce, jinin kwalbar farko ne kawai. Ungozoma ta ɗiba, na tashi jiri na ɗibana na haɗa shi da na yaron a kan gilashi na ga bai dunƙule ba, na miƙa. Da zan rubuta takardar kwalbar na tambayi Ayuba sunan yaro. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Iliya. Sunanka muka sa masa. Fasto ya jira ka har rana ta take, Iya ta ce a ƙara jira." Na rubuta sunana sau biyu a takarda ɗaya, wajen mai bayarwa da wajen mai karɓa.

Ya rayu. Kwana na biyu ya kama nono, bayan mako aka sallame su. Ayuba ya kawo min zabi biyu, Iya ta aiko da daddawa a ƙunshe da saƙon cewa tuzuru ya yi rana. Godiyar nan ta fi min zagi zafi. Likita ya ja ni gefe ya ce shawarar ta hau da yawa kafin su iso, a riƙa lura da kunnensa. Ya gaya wa Ayuba ma, Ayuba ya ce ai rai shi ne babba.

Daga nan na canja yadda nake aiki. Duk jaririn da jininsa ya fito ruwan ƙasa, ina tambayar ranar suna in rubuta a bangon ɗaki. Ranar in rufe ɗakin gwaji in hau keke, ko an gayyace ni ko ba a gayyace ni ba, Dayi ne ko Gozaki ko wani ƙauyen da ba hanya. In tsaya a ƙofar gida ina shinshina mata kamar kare. Wadda na ji ƙanshin akwati a jikinta in ce ta yi barka daga nesa. An zage ni, an taɓa watsa min ruwan wanke-wanke, a wani gidan Musulmi maigidan da kansa ya kawo min kujera ya zauna kusa da ni yana taya ni. Abinci kuwa duk kwanon da aka miƙo ina ci, da mutane ko ni kaɗai, na daina dubawa. Wannan ba ya cikin littafin da kuka karanta, kuma na'urarku ba ta hawa keke.

Yaron yana da shekara biyu da wani abu Saratu ta zo da shi, wata ranar kasuwa. Ya yi ɓulɓul, yana tafiya da ɗan tangaɗi, amma yana tafiya. Ta sauke shi a ƙasa ta zauna a bencin nan. Ina da kwalabe uku da na ɗauraye na jera a taga, rana tana dukansu, ya je ya tsaya yana kallo, ya ba mu baya. Muka gaisa, na tambayi Ayuba da Iya da gona. Ta amsa duka. Sannan ta shiga murza bakin mayafinta.

Ta ce, "Ubansa ya ce ƙiwa ce. Iya ta ce wasu yaran ba sa magana da wuri. Ni kuwa tun yana goye na sani. Tukunya ta taɓa faɗuwa kusa da kansa bai motsa ba." Ta ɗago ta dube ni. "Amma kai ba ka taɓa yi min ƙarya ba, Malam. Kira shi ka gani. Takwaranka ne, wataƙila kai ya amsa maka."

Na durƙusa a bayansa, taku biyu tsakaninmu. Na ce, "Iliya." Na ƙara ɗaga murya na ce, "Iliya." Na uku da ƙarfi na faɗa, har ungozoma ta leƙo daga can ta ga ko lafiya. Yana nan tsaye, ya ɗora yatsa a kan gilashi yana bin hasken, yana dariya shi kaɗai.

Saratu ta tashi ta gyara zanenta. Ta ce, "To. Na gode, Malam." Ta taɓa kafaɗarsa, sai ya juyo.